Man Jirgi Daga Iska Da Ruwa: Fafutikar Haɗa Amoniya Da Wutar Lantarki

A shekarar 1943, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, man dizal ya yi wuyar samu a ƙasar Beljiyam har motocin bas na haya suka fara tsayawa. Da injiniyoyin ƙasar suka rasa tudun dafawa, sai suka sauya wa injinan tsari domin su riƙa shan amoniya gauraye da iskar gas ɗin da ake tacewa daga kwal. Motocin suka koma kan titi, suka ci gaba da jigilar jama'a. Da yaƙi ya ƙare, dizal ya dawo kasuwa da araha, sai aka jingine dabarar. Amoniya ta sake leƙowa a jirgin gwajin Amurka mai suna X-15, wanda a watan Oktoban 1967 ya yi gudun da ya ninka na sauti sau shida da ɗoriya, injinsa yana ƙona amoniya da ruwan oksijin. Daga nan kuma ɗif, ta koma sana'arta ta asali, wato takin zamani.

Yanzu zancen ya sake tasowa, wannan karon daga bakin masu jiragen ruwa da kamfanonin wutar lantarki. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kajin da aka daɗe ba a share ba ya san amoniya ko da bai san sunanta ba, ita ce warin nan mai hawa kai da sa hawaye. Ƙwayarta ɗaya ta ƙunshi zarrar naitirojin guda da ta haidirojin uku, babu kabon ko ɗigo. Fetur da dizal da kwal kuwa kabon ne ginshiƙinsu, shi ya sa in an ƙona su suke fitar da iskar kabon mai dumama duniya. Amoniya in ta ƙone yadda ya kamata, naitirojin da tururin ruwa kawai take bari.

Masu jiragen dakon kaya su suka fi matsuwa. Jiragensu ne ke fitar da kusan kashi 3 cikin ɗari na iskar da ke dumama duniya, kuma a 2023 hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta tsayar da burin kawar da wannan hayaƙi zuwa wajen 2050. Batir yana iya tura mota, amma jirgin da zai yi makonni a teku tsakanin Shanghai da Legas da dubban kwantenoni a bayansa ba zai iya ɗaukar batirin da zai ishe shi ba. Haidirojin mai ne mai tsafta, sai dai ajiyarsa jidali ce, don ba ya zama ruwa sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili. Amoniya tana zama ruwa a digiri 33 ƙasa da sifili, ko kuma a matse ta wajen ninki goma na matsin iskar sarari a zuba a tanki. Wani abin mamaki ma, lita ɗaya ta ruwan amoniya ta fi lita ɗaya ta ruwan haidirojin zalla yawan haidirojin. Ga shi tashoshin jiragen ruwa da dama sun daɗe da sabawa da lodinta da sauke ta saboda cinikin taki.

A 2024 gwaje-gwaje suka zo a jere. A watan Maris jirgin Green Pioneer na kamfanin Fortescue na Ostareliya ya sha amoniya tare da dizal a tashar Singafo. Tsakanin Afrilu da Yuni, kamfanin JERA na Japan ya maye kashi 20 cikin ɗari na kwal ɗin da wani rukuni na tashar lantarki ta Hekinan ke ci da amoniya. A watan Agusta kamfanin NYK ya kammala sauya wa Sakigake inji, wani ƙaramin jirgi ne mai jan manyan jirage a gaɓar Tokyo.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen samar da ita. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa naitirojin ce, kyauta, ba a saye. Amma zarrarta biyu-biyu take tafiya, a ɗaure da juna da ɗauri uku, wanda yana cikin mafi ƙarfin ɗaurin da masana sinadarai suka sani. Shi ya sa masara za ta tsaya a gona iska tana kaɗa ta dare da rana, ganyenta ya yi ɗorawa saboda yunwar naitirojin ɗin da ke kewaye da ita.

Bajamushe Fritz Haber ne ya fara tsinka wannan ɗauri ya haɗa amoniya kai tsaye ta hanyar da za ta yi amfani, a birnin Karlsruhe a 1909. Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da na'urar teburi ta zama masana'anta, aka buɗe ta farko a Oppau a 1913. Dabarar ita ce a haɗa naitirojin da haidirojin a tukunyar ƙarfe, a ba su zafin digiri 400 zuwa 500, a matse su ninki 150 zuwa 300 na matsin iskar sarari, sannan a bi da su ta kan katalis. Katalis dillali ne a kasuwar sinadarai: shi zai haɗa mai saye da mai sayarwa, a ƙulla ciniki, ya tashi yadda ya zo yana jiran na gaba. Wani ma'aikacin BASF, Alwin Mittasch, ya gwada dubban sinadarai kafin ya tsaya a kan ƙarfe da aka yi wa 'yan gauraye-gauraye, kuma har yau kusan shi ake amfani da shi. Haber ya sami kyautar Nobel ta 1918, Bosch ta 1931. Shi dai Haber tarihinsa da tabo, don shi ya jagoranci harba iska mai guba a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. Duk da haka masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau suna cin abincin da aka noma da takin da ya fito daga dabararsa.

Duniya tana samar da tan miliyan 180 da wani abu na amoniya duk shekara, wajen kashi 70 cikin ɗari yana tafiya taki. Naitirojin daga iska ake tace ta, amma haidirojin daga iskar gas ake ciro shi, a ƙasar Sin kuma akasari daga kwal, kuma a nan ne ɓarnar take. Alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya na 2021 sun nuna masana'antun amoniya suna cinye kusan kashi 2 cikin ɗari na makamashin duniya, suna fitar da tan miliyan 450 na iskar kabon a shekara. Wato kowane tan na amoniya yana zuwa da fiye da tan biyu na hayaƙi. Jirgin da ya sha irin wannan amoniya bai tsaftace komai ba, hayaƙin ne kawai ya tashi daga bututunsa ya koma bututun masana'anta. Wannan ce ma babbar hujjar masu sukar shirin Japan na ƙona amoniya a tashoshin kwal.

Magani na kusa shi ne a bar tukunyar Haber da Bosch yadda take, a sauya mata tushen haidirojin. A sa wutar sola ko ta iska ko ta madatsar ruwa ta raba ruwa gida biyu, oksijin ya tafi, a kama haidirojin. Ba sabon abu ba ne. Nowe ta yi shekaru da dama tana yin haka da wutar madatsun ruwanta, masana'antar KIMA ta Aswan a Masar ta fara a 1960, haka Sable Chemicals a Kwekwe ta Zimbabuwe ta yi ta yi har 2015. Arahar iskar gas da tsadar lantarki suka kashe kasuwar. Yanzu an dawo mata, kuma mafi girman aikin shi ne na NEOM a gaɓar Bahar Maliya a Saudiyya, wanda aka ware wa dala biliyan 8.4 domin ya riƙa fitar da tan miliyan 1.2 a shekara. Sai dai tukunyar tana da halinta. Tana son wuta tsayayyiya dare da rana, ba ta son a kunna a kashe, kuma ribarta sai an gina ta da girma. Rana kuwa tana faɗuwa, iska tana kwantawa.

Wannan ya sa wasu masanan suka ce a nemi hanyar da za a tsallake tukunyar gaba ɗaya. Hujjarsu tana cikin gonar kowane manomin wake. In aka tuge wake ko gyaɗa ko waken suya za a ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. A cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya masu wani sinadari da ake kira naitirojinas, wanda ke tsinka ɗaurin nan uku ya fitar da amoniya a zafin ƙasar gona, ba tukunya ba matsi. Dalili ke nan da gero yake yin kyau a inda aka noma wake bara. Itacen gawo ma dangin wake ne, yana cikin masu wannan baiwa. Tunda ƙwayar da ido ba ya gani tana iyawa, me zai hana a ƙera na'urar da za ta kwaikwaye ta da lantarki?

A takarda tsarin ba shi da wuya. Akwati ne mai farantan ƙarfe biyu a tsome cikin ruwan sinadari. A faranti ɗaya lantarki yana ɓare haidirojin daga ruwa. A ɗayan ana hura iskar naitirojin, katalis ya kama ta, ilektiron, wato ƙwayoyin lantarki, da haidirojin su riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya har amoniya ta fito. In rana ta fito na'urar ta yi aiki, in ta faɗi ta huta. Ana iya yin ƙarama, ana iya jera dubu.

A aikace kuwa haidirojin ba ya jira. Naitirojin ba ta narkewa a ruwa sai ɗan kaɗan, ga taurin kai, saboda haka kafin ta iso faranti ilektiron sun riga sun haɗu da haidirojin ɗin da ke ko'ina a cikin ruwan. Zarra biyu su rungumi juna, su tashi a kumfa su bar wurin. Kusan duk wutar da aka zuba a can take ƙarewa.

Duk da haka, daga wajen 2016 takardun bincike suka yi ta kwararowa, kowa yana shelar ya gano katalis ɗin da ya warware matsalar: wannan da zinariya, wancan da bakin ƙarfe, wani da gawayin da aka sarrafa. Abin da ba a faɗa da ƙarfi ba shi ne yawan amoniyar da suke aunawa, wadda sau da yawa ba ta wuce ɗaya bisa miliyan na giram ba sai kaɗan. Amoniya kuwa tana ko'ina. Tana cikin numfashin mai binciken, tana jikin safar hannunsa ta roba, tana cikin iskar ɗakin gwaji, tana maƙale a fatar da ke raba farantan biyu. Tukunyar naitirojin ɗin da aka sayo ma takan zo da ɓurɓushin wasu sinadaran naitirojin masu saurin rikiɗa su zama amoniya. Mutum zai kunna na'ura, ya auna, ya ga amoniya, ya yi murna, alhali tun kafin ya kunna tana nan.

A 2019 wata tawaga daga Jami'ar Fasaha ta Denmak da Stanford ta Amurka da Kwalejin Imperial ta Landan ta buga takarda a mujallar Nature da ta tayar da ƙura. Suzanne Andersen, ɗalibar digirin digirgir a ɗakin gwajin Farfesa Ib Chorkendorff, ita ce kan gaba a marubutan. Suka shimfiɗa ƙa'ida: a tsaftace iskar tukuna, a maimaita gwajin ba tare da naitirojin ba a ga ko amoniya za ta fito, sannan a yi amfani da naitirojin-15, wani nau'i mai ɗan nauyi wanda ba shi da yawa a iskar sarari. In amoniyar da ta fito tana ɗauke da wannan tambari daidai gwargwado, to na'urar ce ta yi ta. Da suka bi da ƙarafan da ake ta yabo ta wannan mataci a cikin ruwa, ba su sami komai ba. Shekara guda bayan haka masana daga Jami'ar Monash ta Ostareliya suka bi takardu sama da ɗari ɗaya bayan ɗaya, suka ga akasarinsu ba su cika sharuɗɗan da za a amince da sakamakonsu ba. Ba lallai ne a ce ha'inci aka yi ba, gaggawa da son ganin abin da rai ke so sun isa. Amma an yi asarar shekaru da kuɗi, kuma abin yabo ne da 'yan fagen suka tona wa kansu asiri da kansu.

Hanya ɗaya ce ta tsallake matacin, kuma tsohuwa ce. Masanan Japan uku, Tsuneto da Kudo da Sakata, sun bayyana ta tun 1993 aka yi biris da ita. Sirrinta litiyam, ƙarfen nan na batirin waya wanda yanzu ake haƙar dutsensa a Nasarawa. Litiyam yana da zafin nama da har a zafin ɗaki yakan far wa naitirojin ya tsinka ɗaurinta. Sai a narkar da gishirinsa a wani sinadari da ba ruwa ba, lantarki ya shafe faranti da litiyam zalla, litiyam ya kama naitirojin, sannan ɗan sinadarin itanol da aka ɗiga ya kawo haidirojin daidai buƙata. Amoniya ta fita, litiyam ya koma cikin ruwan sinadarin, a sake zagayowa. Da yake babu ruwa, an rage wa haidirojin damar yin gaban kansa.

Daga nan aka fara samun ci gaba na gaske. An gano cewa wani siririn ɓawo da ke fitowa a kan farantin shi ne mai tsaron ƙofa, shi ke tantance abin da zai isa ga litiyam da saurin isarsa. A 2021 'yan Denmak suka ga cewa ɗan oksijin kaɗan, wanda kowa ya ɗauka zai ɓata aikin, gyara ɓawon yake yi. A 2022 tawagar Doug MacFarlane da Alexandr Simonov a Monash ta sanar a Nature cewa da wani gishirin litiyam mai kauri, kusan kowane ilektiron da suka tura amoniya ya haifar. A 2023 'yan Denmak suka nuna na'urar da ke aiki ba tsayawa a zafin ɗaki da matsin iskar sarari, a 2024 kuma suka riƙe irinta tana aiki awa 300, kashi 64 cikin ɗari na ilektiron suna tafiya inda ake so.

A nan ne mai karanta kanun labarai yake buƙatar natsuwa. Cewa kowane ilektiron ya yi aiki ba ya nufin wutar ba ta salwanta. Kafin a mayar da gishirin litiyam ƙarfe sai an tura kowane ilektiron da ƙarfin wajen bolt uku, alhali haɗa amoniyar kanta ba ta buƙatar ko kusa da haka. Rarar zafi take zama ta bi iska. Lissafi ya nuna ko an kawar da kowace irin tangarɗa, hanyar litiyam ba za ta adana fiye da wajen kashi 28 cikin ɗari na makamashin da aka zuba mata ba. Na'urar 2023 kashi 13 ta adana. Injin jirgi kuma wajen rabin ƙarfin man da ya sha yake mayarwa tafiya. Wato in aka zuba awo ɗari na lantarki, shida ko bakwai ne za su juya farfela. In aka bi ta raba ruwa da tukunyar Haber da Bosch, wadda ke adana kusan rabi, za a sami wajen ashirin da biyar. Ga kuma batun girma. Farantin gwajin 2024 santimita biyar ne tsawo da faɗi, abin da ya tara a awa 300 'yan giram ne, alhali babbar masana'anta tana fitar da tan dubu biyu zuwa uku a yini.

Ana neman mafita ta wasu ƙofofin. A 2024 an nuna cewa kalsiyam ma yana iya aikin litiyam, ko da yake shi ma mai cin wuta ne. Wasu sun koma ga naitiret ɗin da ke cikin dagwalon masana'antu da ruwan da ya wanko taki daga gonaki, wanda ɗaurinsa ya riga ya tsinke. Wasu a jami'o'in Sidni suna kwaikwayon tsawa, su tsinka ɗaurin da tartsatsin lantarki tukuna, sannan su miƙa wa na'urar ta ƙarasa.

Ko da an samu amoniyar a tsaftace, ƙona ta ma da sauran rina a kaba. Ba ta kama wuta da wuri, shi ya sa injinan yanzu suke fara tayar da ita da ɗan dizal. Tankinta sai ya kusa ninka na dizal sau uku kafin a yi tafiya iri ɗaya. In ƙunar ba ta yi daidai ba tana fitar da naitiros oksaid, iskar da ta ninka ta kabon sau 273 wajen riƙe zafi, kaɗan daga cikinta ya isa ya cinye ribar da aka ci. Sannan guba ce. Ranar 24 ga Maris 1992 tankar amoniya ta fashe a wata masana'antar sarrafa gyaɗa a Dakar, mutum 129 suka rasu, fiye da dubu suka jikkata. Abin da ya tarwatsa tashar jiragen ruwan Beirut a 2020 kuwa amoniyam naitiret ne, wani sinadari daban, ko da yake jama'a sukan haɗa su.

In aka auna duka, amoniyar da jiragen ruwa za su sha a shekarun nan masu zuwa daga tukunyar Haber da Bosch za ta fito. Na'urar lantarki zalla ba ta kai matsayin yin gasa a kasuwar mai ba, inda ake lissafi da miliyoyin tan kuma kowane kwabo yana da muhimmanci. Inda take da fata na kusa shi ne taki, a wuraren da rana ta wadata amma buhu yake isowa da tsada. Kamfanonin da suka fito daga waɗancan ɗakunan gwaji, Jupiter Ionics a Melbon da NitroVolt a Denmak, ƙananan na'urori na kusa da gona suke hari.

Najeriya tana da manyan masana'antun yuriya masu cin iskar gas, irin ta Indorama a Eleme da ta Dangote a Lekki, wadda aka buɗe a watan Maris na 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Duk kusa da teku suke. Kafin buhu ya isa Kano sai tirela ta ci wajen kilomita dubu da shi, balle Maraɗi ko Damagaram, kuma farashinsa yana bin na kasuwar duniya, kamar yadda manoma suka ɗanɗana a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Sai dai akwai wani ƙulli da ba a cika ambata ba. Yuriya haɗin amoniya ce da iskar kabon, kuma masana'antar gas daga hayaƙinta take samun kabon ɗin. Na'urar sola ba ta da wannan hayaƙi, tsurar amoniya za ta bayar. Manoman masara a Amurka sun saba tsira ta cikin ƙasa kai tsaye da tarakta da tanki, amma manomin da ya saba barbaɗa farin taki da hannu zai buƙaci a tsarma masa ita da ruwa, ko a mayar da ita wani gishirin da zai shiga buhu, a kuma koya masa yadda zai kare idonsa da huhunsa.

A Afirka an riga an fara gwada ƙaramar masana'anta a bakin gona. A 2023 kamfanin Talus Renewables na Amurka ya kafa wa kamfanin Kenya Nut wata a kusa da Naivasha, tana cin wutar sola megawat 2.1 tana fitar da wajen tan ɗaya na amoniya a yini domin gonakin kamfanin. Ita ma ruwa take rabawa ta sami haidirojin, sannan ta bi da shi ta 'yar ƙaramar tukunyar Haber da Bosch.